Hannun Ƙugiya a Aljihun Mai Kemis

Ni mai faci ne, a aji huɗu muka rabu da makaranta ba tare da wani ya yi kewar wani ba. In kun ga rubutu ya karkace ku miƙe shi a zuci. Labarin maƙwabcina zan bayar, wanda mutanen layinmu ke kira Mai Guga in yana kusa, Ƙugiya in ya ba da baya. Ni kaɗai nake ce masa Ƙugiya ido cikin ido, don tare muka tashi a gidan haya ɗaya. Bangon da ya raba ɗakinsu da namu, in uwarsa ta yi atishawa uwata ce ke yi mata sannu.

Ubansa direban tirela ne. Sai ya yi wata biyu bai leƙo gida ba, in ya zo ya kwana biyu yana minshari, ya tashi ya tambayi yaron, "Kai aji nawa kake yanzu?" ya hau mota. Uwarsa, wadda duk muke kira Inna, a masaƙa take aiki, fitar sassafe, dawowar yamma lis. An taɓa fasa musu ɗaki aka kwashe mata tukwane, tun daga ranar ta sayo wani kwaɗo mai girman kan jariri. Makulli kuwa a jakarta yake wuni. Ta ce ɗan shekara takwas ba a ba shi makulli, yarwa zai yi. Abincinsa na rana takan bar wa wata maƙwabciya mai 'ya'ya shida ajiya. Ku da kanku kun san abin da yake tararwa in ya taso daga makaranta: kwano wankakke tas, an kife masa murfi.

To ga taga mai ƙarafa, ga burodi a kan tebur cikin ɗaki yana kallonsa. Sai ya samo wayar rataye riga, ya miƙe ta, ya lanƙwasa bakinta. Satar farko da ya yi a duniya, burodin gidansu ya sata. Ni na riƙe masa jakar makaranta, ni na ci rabi.

Wata rana manyan yaran da ke zama bayan garejin motoci suka gan shi yana fito da cokali ta taga, bai bari ya taɓa ƙarfe ko sau ɗaya ba. Babbansu ya dafa kansa ya ce, "Kai, wannan yaro injiniya ne!" Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba. A makaranta daƙiƙi ake ce masa. A gida Inna in ta dawo ko bakin faɗa ba ta da shi, bare na yabo. Sai ga ƙato mai gashin baki ya kira shi injiniya a gaban mutane. Daga nan tagogin unguwa suka shiga uku. Da waya ta yi masa kaɗan, sai suka koya masa aljihu. Yana ɗan sha biyu zai zare maka biro a gaban riga yana tambayarka ƙarfe nawa, kai kuma ka duba ka gaya masa.

Yana sha huɗu ya zura wayarsa ta wata taga ya jawo wando. Ashe wandon kaki ne, mai shi ɗan sanda ne yana barcin rana, ƙafarsa ɗaya a kan wandon. Ni aka sa in duba hanya. Na kuwa duba ta, na ga babu kowa, na bi ta. Bambancina da Ƙugiya ke nan a duniya, na fi shi gudu. Shi aka kai gidan gyaran halin yara ya yi shekara uku, ni kuwa har yau tsofaffin layi na cewa na tashi da tarbiyya.

Bayan an tafi da shi kowa ya zama likitan tarbiyya. Inna ta ce abokai ne. Uban, da ya iso bayan wata guda, ya ce Inna ce. Kawunsa ya ce rashin duka ne, matar kawun ta ce dukan ne ya yi yawa, saura kaɗan su daki juna a kan maganar. Maƙwabciya mai 'ya'ya shida ta ce ita tun yana goye ta lura idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Babu wanda ya ambaci kwaɗo, ita kuma ba ta ambaci kwano ba.

Wanda ya fi kowa dogon bayani shi ne Hedimasta. Lokacin yana kan aiki, yanzu ya yi ritaya, shi ne mai jerin shagunan nan huɗu na bakin layi. Mutum ne da ko sannu zai yi maka sai ya raba ta gida uku. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Na farko, iyaye. Na biyu, iyaye. Na uku, iyaye. Duk yaron da ya ɗauki abin wani, ubansa ya kamata a kama. Kuma wanda ya fara ba ya dainawa, sai dai ya huta."

Ƙugiya ya dawo yana sha bakwai, ya yi tsawo, ya yi shiru. Na tambaye shi me aka koya musu a can. Ya ce yaran sun koya masa buɗe kwaɗo iri bakwai, ma'aikatan sun koya masa guga.

Na ce, "To wanne za ka riƙe?"

Ya ce, "Guga."

Na ce, "Bulalar ta shiga ke nan."

Ya ce bulala ba ta yi masa komai ba, duk wanda ke ciki ya saba da ita tun daga gida. Abin da ya karya shi, Inna ce. Duk ƙarshen wata tana layin ziyara a cikin rana, a ƙofa a zazzage mata jaka a ƙasa, ta durƙusa tana tsintar kayanta ɗaya-ɗaya kamar ita ta yi satar, shi kuma yana hangowa ta waya.

Babu wanda ya yarda ya ɗauke shi aiki. Daga ƙarshe wani tsoho mai wanki da idonsa ya fara mutuwa ya karɓe shi, wai shi ba shi da abin da za a sata sai tari. Da tsohon ya rasu ya bar masa dutsen guga biyu na gawayi da tebur mai ƙafa uku da rabi. Hedimasta ya ba shi hayar shagon ƙarshe, wanda yake yoyo kowa ya ƙi shi, ya ce, "Zan sa maka ido." Rumfata tana jingine da bangon shagon. Ƙugiya ya gyara rufin da hannunsa, ya shimfiɗa bargo da farin ƙyalle a kan tebur, ya jera baho uku a baya, na jiƙo, na sabulu, na ɗauraya.

Yanzu ku duba ikon Allah. Yaron da aka rufe saboda aljihun mutane ya samu sana'ar da tun safe har yamma hannunsa na cikin aljihun mutane, su da kansu suke kawo masa, har su ce ya yi sauri. Shi ma ya san da haka. Saboda haka ya kai wandunansa wurin Tela aka ɗinke aljihunsu kaf, makullin shago ma a wuya yake ratayawa. Sannan ya ɗaura igiya a saman ƙofa ta waje, inda kowa zai gani. Duk abin da ya tsinta a aljihun wanki, ko maɓalli ne, sai ya sa a 'yar leda, ya rubuta sunan mai shi da manyan baƙaƙe, ya rataye. Ba ya kai wa mutum a ɓoye. Ya ce abin da aka mayar a ɓoye ba shi da shaida.

Igiyar nan ta fi rediyo. A kanta muka ga ledar rinin gashi da sunan Mai Aski, wanda yake rantsuwa baƙin gemunsa gado ne. A kanta muka ga hoton wata mata da sunan Tela, kuma matar Tela ba ta yi kama da ita ko a kunne ba, kwana tara ya yi yana barci a kan teburin yanka. A kanta muka ga takardun cacar ƙwallo uku da sunan Hedimasta. Ya ce a hannun wani ɗalibi ya ƙwace su, shekara shida bayan ya bar makaranta. Ni kaina bai bar ni ba, takardar maganin basir ɗina ta wuni tana kaɗawa a iska.

Na ce masa, "Ƙugiya, da kana ɓarawo mutum ɗaya kake cuta a rana. Yanzu da ka shiryu layi guda kake tona wa asiri."

Ya ce, "Ɗauke baƙin hannunka daga kan rigar mutane."

Haka muka yi shekara goma sha tara. Ya yi aure, ya samu 'yan mata biyu, ya ɗauko Inna ta dawo wurinsa. Duk bakunan nan da shagon suke ci. Mutane suka saba kawo masa wanki, amma wallahi har a shekara ta sha tara in ya zauna kusa da mutum a benci sai ka ga mutumin ya ɗan dafe aljihu kamar yana sosa cinya.

Wata biyar da suka wuce abubuwa suka fara ɓacewa a layi. Injin askin Mai Aski. Babban almakashin Tela. Sifanata mai lamba sha huɗu. Sai kuma agogon Mai Kemis, wanda ya gada daga mahaifinsa. Ya cire shi zai wanke hannu, ya ajiye a kan kanta, ya juyo babu. Babu wanda ya ce Ƙugiya ne. Kawai dai duk wanda ya ba da labarin ɓatan kayansa sai ya ƙarasa yana kallon shagon ƙarshe. Mai Kemis ya ɗauke wankinsa ya kai wani layi.

Hedimasta ya tara mu a gaban shaguna. Ya ce, "Na farko, ban ce kai ba ne. Na biyu, tarihi tarihi ne. Na uku, shagon nawa ne. Na ba da mako biyu. In ɓarawo bai fito ba, ka nemi wani wuri."

Ƙugiya ya ce, "To, Malam." Ya koma ya ci gaba da hura gawayi.

Kwana biyar bayan nan, da hantsi, na ji ƙwanƙwasa a bango. Na shiga na same shi tsaye da wandon makaranta a hannu. Ya ce, "Rufe ƙofa. Kada ka taɓa komai." Ya juya ƙugun wandon ta ciki, ya nuna min inda aka ɗan farke ɗinki da reza, ya matsa da babban yatsa. Sai ga agogon Mai Kemis ya sulalo kan bargo.

Na ce, "Wandon wa?"

Ya nuna min alamar tawada da yake sa wa kayan kowane gida. Gidan Hedimasta. Ɗa ɗaya ya rage masa a makaranta, Auta, ɗan tsufa, shekara sha huɗu. Yaron da in zai gaishe ka sai ya haɗa hannu biyu a baya. Kullum shi ne na ɗaya a aji, don a gidansu ba a san da na biyu ba. Uwarsa ce ta kwashi wankin ba ta tambaye shi ba.

Ni kam sai da na zauna a ƙasa don dariya. Na ce, "Allah mai iko! Ƙugiya, kawo leda. A'a, bar ledar, ina da ragowar jan fenti da kwali. Ni zan rubuta sunan, yadda za a karanta daga bakin titi. Na farko iyaye, na biyu iyaye!"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Shekarunsa nawa?"

"Sha huɗu."

"To."

"To me? Kai fa za a kora! Shekara sha tara kana rataye maɓalli, yau da igiyar za ta yi maka rana sai ka ce to?"

Ya ce, "Ka san uban. In aka rataye sunan ɗansa a gaban layi, da hannunsa zai kai shi ofishin 'yan sanda don a ce ba ya son kai. Kai ba ka shiga gidan gyaran hali ba, ka gudu. Yaron nan ko wanke safarsa bai iya ba. Wata shida zai yi ya fito ya iya kwaɗo bakwai."

Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, har da matata, ya ce musamman matata. Na ce to ka ba ni agogon in ajiye a ƙofar kemis. Ya ce kafin in kai ƙofar na gaya wa mutum uku. Ban yi musu ba.

Sai ya faɗi dabararsa, wadda babu mai tunaninta a duniya sai tsohon ɗan aljihu. Zai mayar wa Mai Kemis agogon a aljihu ba tare da ya sani ba. Mai Kemis mutum ne da ke neman tabarau alhali yana kan goshinsa. In ya shafa ya ji agogo zai ce shi ne ya manta. Sauran kayan kuma zai kama Auta a gefe ya sa ya mayar a hankali. Ba ɓarawo, ba yaro, ba magana.

Na ce, "Rabonka da wannan aiki shekara nawa?"

Ya ce, "Hannu ba ya mantuwa."

Muka yi gwaji da wani ƙaramin kwaɗo. Na juya baya, ya zura min a aljihu. Ya ce, "Ka ji?" Wallahi ji na yi kamar an jefa min rabin bulo. Yatsun nan sun sha ƙuna da ruwan sabulu shekara ashirin, sun yi kauri kamar ƙafar kujera. Amma na ga yadda yake kallona, sai na ce, "Ban ji komai ba, injiniya." Sau uku muna yi, sau uku ina ƙarya. Wannan laifina ne, na rubuta shi don kada wani ya riga ni.

Washegari da rana Mai Kemis ya turo babur ɗinsa, tayar baya ta yi faci. Na ciro tif ɗin cikin tayar na tsoma a bahon ruwa, na ce ya sunkuya ya ga inda kumfa ke fita, na yi ta jan magana. Ƙugiya ya fito daga shago kamar mai neman ashana. Abin da duk ba mu lissafa ba, Mai Kemis ya yi ƙiba a 'yan shekarun nan, wandon kuwa bai ƙaru ba, ga shi a sunkuye. Hannu ya shiga. Hannu ya ƙi fita.

Mai Kemis ya miƙe, Ƙugiya ya biyo shi. Ya juya, Ƙugiya ya juya tare da shi. Sai da suka zagaya bahon sau ɗaya sannan Mai Kemis ya tuna yana da murya. "Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo!"

Kafin ka ce me layi ya cika. Mai Aski ya fito da wani rabin kai a aske yana biye da shi. Tela ya zo da allura a baki. Aka ja hannun ya fito, ga agogo a tafinsa. Wata mata ta ce, "Ai dama!" Wani ya ce, "Hutawa ya yi, Hedimasta ya faɗa!" Lokacin tashin makaranta ne, yara sun tsaya da jakunkuna, Auta yana can baya kusa da sandar wuta.

Hedimasta ya ratso taron. Ya ce, "Mai Guga, me hannunka yake yi a aljihun mutum?"

"Mayarwa nake yi, Malam."

Aka fashe da dariya. Ni kuwa cikina kamar tayar da aka cika wa iska, ga rantsuwa a wuyana. Na ce, "Jama'a ku tsaya! Agogon nan yau kwana nawa da ɓata? In sata ce me ya kai shi aljihun Mai Kemis yau? Kuma ku da kuka san Ƙugiya na da, Mai Kemis ne zai kama shi? Da yana nan yadda yake, singiletin jikinsa zai zare masa ya bar rigar a soke! Wannan abin kunyar da ya yi yau, ai ko alƙali ya gani ya san mutumin nan ya bar sana'ar."

Mai Kemis ya duba agogon, ya kara a kunne, ya ce, "Gaskiya dai ba ya aljihuna da safe."

Hedimasta ya ce, "To a ina ka same shi?"

Ƙugiya ya ce, "A cikin wanki."

"Wankin wa?"

Nan kowa ya sha jinin jikinsa. Yawancin waɗanda ke tsaye a nan wankinsu na shagon, kuma kusan kowa yana da ɗa. Matar nan da ta ce ai dama, na ga ta waiga tana neman nata a cikin 'yan makaranta. Mai Aski ya tuna yana da kai a hannu. Mutum huɗu suka sulale.

Hedimasta kaɗai ne bai ji komai ba. Ya ce, "Shekara nawa kana rataye sunayenmu a kan tarkacen banza. Yau ga abu na gaske, suna ya gagare ka? Ko dai babu sunan? Ko suna, ko makullina."

Ƙugiya bai kalli inda sandar wuta take ba ko sau ɗaya. Ni na kalla. Yaron ya riƙe igiyar jakarsa da hannu biyu, bai matso ba. Ban ga laifinsa ba, ni da na gudu ba ni da bakin magana.

Ƙugiya ya cire makullin daga wuya ya miƙa da hannu biyu.

Mai Kemis ya ce shi tunda agogonsa ya dawo ba ruwansa da 'yan sanda. Da yamma muka kwaso tebur da duwatsun guga da baho uku muka cusa a rumfata, tsakanin tsofaffin tayoyi. Rabin masu kawo wanki suka ɗauke ƙafa. Inna ta zo da sandarta ta tsaya tana kallon farin ƙyalle kusa da bahon facina, ta ce, "Ɗan nan, ka koma ne?" Ya ce, "A'a, Inna." Ta ce, "To shi ke nan." Ta juya. Cikin mako guda Hedimasta ya ba wani mai sayar da wayoyi shagon, suka sa hannu na shekara.

Kwana goma na yi da maganar nan a cikina. Abinci ba ya min daɗi. Matata ta ɗauka wata nake nema.

A rana ta goma sha ɗaya uwar Auta tana shara ta jawo akwatin littattafai daga ƙarƙashin gadonsa. Ga injin aski, ga almakashi, ga sifanata, an jera su a kan tsohuwar jarida, an goge su har suna ƙyalli. Bai sayar da ko ɗaya ba.

Da la'asar sai ga Hedimasta a bakin rumfata, cikin fararen kaya, Auta a bayansa riƙe da akwatin. Ya tsaya ya buɗe baki, ya ɗaga yatsa, na farkon ya ƙi fitowa. Na ce, "Malam, iska za a sa ko faci?" Ƙugiya ya harare ni.

Daga ƙarshe Hedimasta ya ce, "Mai Guga, ka sani?"

"Na sani, Malam."

"Ofishin 'yan sanda za mu daga nan. Da kaina zan kai shi. Ba za a ce na kori ɗan wani na ɓoye nawa ba."

Ƙugiya ya ajiye dutsen guga a kan ƙarfensa. Ya ce, "Malam, shago na bayar don kada ya je can. In ka kai shi, na yi asarar shagon a banza ke nan. Ka tambaye shi dalili?"

"Wane dalili? Me ya rasa a gidana?"

Ƙugiya ya juya wurin yaron. "Kai, me za ka yi da almakashin tela?"

Auta ya ce, "Ba komai, Kawu."

"To don me?"

Auta ya kalli akwatin. Ya ce, "Ban sani ba. Komai a gida sai an ce in yi, har lokacin shan ruwa. In na ɗauki abu sai in ji wannan dai ni na yi da kaina."

Hedimasta ya waiga yana neman abin zama. Babu kujera a rumfata, sai ya zauna a kan tayar tirela. Ya cire tabarau ya yi ta gogewa da bakin riga. Can ya ce, a hankali, shagon ya riga ya sa hannu, sai shekara ta cika, amma ranar da ta cika na Mai Guga ne. Ƙugiya ya ce Allah ya kai mu. Sannan ya ce shi abu ɗaya yake so: yaron ya mayar da kayan nan da hannunsa, shago-shago, uban kuma ya tsaya kusa da shi, ba a gaba ba, kuma kada ya yi jawabi.

Ni aka fara da ni tunda ina kusa. Auta ya miƙo sifana ya ce, "Kawu, ni na ɗauka, ka yi haƙuri." Na duba ta, tun da na saye ta ba ta taɓa yin tsabta haka ba. Na ce in ya ga dama ya saci mai lamba sha bakwai ma ya goge min.

Ko Auta ya daina? Ku tambaye ni nan da shekara sha tara. Yanzu dai babu abin da ya sake ɓata, kuma yana zuwa ƙwallo da yamma, abin da da ba a bari. Wasu a layin har yau suna cewa Ƙugiya ne ya koya masa. Wasu sun dawo da wankinsu, wasu ba su dawo ba. Saura wata takwas mai wayoyi ya tashi. Kafin nan ni ne ɗan haya a rumfata, ba na hura iska sai na duba ina aka shanya farin kaya.

Amma ranar nan, da Hedimasta ya tashi daga kan tayar, ta bar masa baƙin zobe a bayan farin wandonsa, zagaye cif kamar an zana da kwano. Na buɗe baki, Ƙugiya ya taka min ƙafa. Haka ya bi layin nan da ɗansa, daga Mai Aski zuwa Tela zuwa Mai Kemis, kansa a sunkuye, zoben na biye da shi, kuma babu wanda ya yi dariya sai da ya shiga gida.

Washegari wandon ya zo wanki. Ƙugiya ya jiƙa shi kwana biyu, ya cuɗa har hannunsa ya yi ja. Ya fita, saura ɗan kaɗan, sai mutum ya matso sosai zai gani. Ni kuwa duk ranar da ya sa shi sai na matso.